Hannun da ya san inda sauro ya ciza

A shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɓaraguzan nakiya suka sami wani sojan Jamus a ƙeya. Sunansa Schneider. Da yake da sauran kwana a gaba, ya rayu, ya faɗa hannun likita Kurt Goldstein da masanin halayyar ɗan Adam Adhémar Gelb a birnin Frankfurt, suka shafe shekaru suna nazarinsa. Abin da suka rubuta a kansa yana da ɗaure kai. In aka ce ya rufe ido ya nuna hancinsa da yatsa, sai ya rasa ta inda zai fara. In aka ce ya ɗaga hannu haka kawai, ba don wani aiki ba, sai ya yi ta motsa jikinsa duka kamar mai lalube a ɗaki mai duhu, har ya gano inda hannun yake. Amma bari sauro ya cije shi. Kafin ka ƙifta ido hannun nan ya kai wurin. Idonsa a rufe zai zaro hankici daga aljihu ya fyace hanci, hancin da ya kasa nunawa ɗazu. Zai zaro ashana ya kunna fitila. Har sana'a yake yi ta haɗa walat, yana fitar da kashi uku cikin huɗu na abin da lafiyayyen ma'aikaci ke fitarwa.

To wa ya san inda sauron ya ciza? In aka ce Schneider ne, ai an tambaye shi wuri a jikinsa ya kasa nunawa. In aka ce bai sani ba, ga hannunsa ya tafi kai tsaye bai yi kuskure ba. Wannan tambayar ce wani malamin falsafa na Faransa, Maurice Merleau-Ponty, ya riƙe gam a babban littafinsa na 1945 kan tsinkaya, wato gani da ji da taɓawa da sauran hanyoyin da duniya ke isowa gare mu. Amsarsa ita ce jiki yana da nasa sanin, wanda ya riga tunani zuwa, kuma a kansa tunanin yake tsaye. Faɗin maganar ba wuya. Bahaushe ma zai ce ai mun daɗe da sani, jiki magayi. Aikin yana wajen nuna abin da ake nufi daki-daki, don kada ta tsaya a karin magana.

Sai an koma baya kaɗan kafin a ga abin da yake ja da shi. A 1641 masanin falsafa ɗan Faransa René Descartes ya fitar da littafin da ya zauna a cikinsa yana shakkar duk abin da zai shakku. Ido yana yaudara, mafarki yana kama da farke, wataƙila hannuwan nan da yake kallo ma babu su. Abu ɗaya ya gagari shakka: mai shakkar yana tunani, mai tunani kuwa lalle akwai shi. Daga nan ya raba mutum gida biyu. Ga hankali, aikinsa tunani, ba shi da tsawo ba shi da faɗi. Ga jiki, mai tsawo da faɗi, yana aiki kamar agogo. A wannan tsari gani tamkar aike ne: haske ya shiga ido, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, hankali ya karɓa ya yanke hukunci cewa ga tulu can. Motsi kuma umarni ne daga sama, hankali ya ce, hannu ya bi. A yi masa adalci, shi da kansa ya ce zaman hankali a jiki ba irin zaman matuƙi a jirgin ruwa ba ne, don matuƙi ganin ɓarnar jirginsa yake yi, ba ya jin zafinta. Amma da gimbiya Elisabeth ta Bohemiya ta rubuto masa a 1643 tana tambayar yadda abin da ba shi da gangar jiki zai ture abu mai gangar jiki, amsar da ya aika ba ta gamsar da ita ba. Har yau ba ta gamsar da mutane da yawa ba.

Wanda ya buɗe wata ƙofar shi ne masanin falsafa na Jamus Edmund Husserl, Bayahuden asali da aka haifa a 1859 a yankin Moraviya, ya fara da lissafi kafin ya koma falsafa, ya koyar a Halle da Göttingen da Freiburg. Hanyarsa ake kira finominoloji, kalmar Girkanci ce mai nufin nazarin abin da ya bayyana. Ka'idarsa ita ce a jingine duk wani zato da muka zo da shi, na kimiyya ko na gado, a fara siffanta abu yadda yake bayyana ga mai gani, ba ƙari ba ragi. Daga malaminsa Franz Brentano ya ɗauko wani batu ya faɗaɗa shi: hankali kullum dosar wani abu yake yi. Ba a gani sai ganin wani abu, ba a tsoro sai tsoron wani abu. Saboda haka hankali ba rumbu ba ne da ake zuba hotunan duniya a ciki. Yana waje tare da abubuwan da ya dosa.

Gwada wannan hanyar a kan tulu. Yana ajiye a kusurwar ɗaki, kana kallonsa. Gefe ɗaya kawai idonka ke samu, bayansa yana fuskantar bango, cikinsa a rufe. Duk da haka ba ka taɓa cewa ka ga rabin tulu. Tulu ka gani, cikakke, mai baya da ciki. Kuma ba zama ka yi ka lissafa cewa tunda tuluna suna da baya wannan ma yana da shi ba. Bayan yana cikin ganin tun farko. Ta yaya? A laccocin da ya gabatar a Göttingen a 1907, Husserl ya ce yana nan ne a matsayin abin da za ka samu in ka motsa: in na karkata kai zan ga wancan gefen, in na matsa zan leƙa bakinsa. Wato iya motsi yana cikin gani. Wanda ba shi da wuyan juyawa, ba shi da ƙafar zagayawa, bai taɓa samun su ba, ba zai ga abu mai baya ba.

Shekaru hamsin da ɗoriya bayan nan aka gwada wani abu makamancin wannan a Amurka. A 1963 Richard Held da Alan Hein suka reni 'ya'yan mage cikin duhu, ba sa ganin haske sai an sa su bibbiyu a wata na'ura mai juyawa. Ɗaya tana tafiya da ƙafarta, tafiyarta ce ke juya na'urar. Ɗayar tana zaune a ɗan kwando ana yawo da ita. Abin da idanunsu ke gani iri ɗaya ne. Da aka gwada su, mai tafiya da ƙafarta ta iya miƙa ƙafa daidai in an kusantar da ita gefen tebur, tana kuma kauce wa wurin da ya yi kama da rami. Ta cikin kwandon ta kasa, alhali idonta lafiya lau, sai da aka sake ta ta yi yawo da ƙafarta cikin haske.

Husserl ya lura da wani abu kuma. Duk abin da ka gani yana kusa ne ko nesa, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Daga ina ake aunawa? Daga jikinka. Shi ne "nan" ɗin da kowane "can" ke dogara da shi. Kana iya tashi ka bar tulu, ka bar gida, ka bar gari, amma ba ka iya matsawa gefe ka bar jikinka, ba ka iya zagaya shi ka ga ƙeyarka. A nan harshenmu yana da abin nunawa. Mu duba yadda muke faɗin wuri: kan tebur, cikin ɗaki, bayan gari, gaban alƙali, bakin kogi, gindin bishiya, jikin bango. Sassan jikinmu ne, kai da ciki da baya da gaba da baki, muka ara wa duniya. Har lokaci mun ba shi goshi, muna cewa goshin magariba. Harshe ba ya yanke hukunci a falsafa, kuma harsuna da yawa suna yin haka, amma alama ce ta inda ma'aunin ya fito.

Jamusanci yana da kalmomi biyu da Husserl ya yi aiki da su. Körper shi ne jiki a matsayin abu, wanda ake ɗorawa a sikeli, ake ɗaukar hotonsa a asibiti. Leib, wadda ke da dangantaka da kalmarsu ta rayuwa, shi ne jikin da mai shi ke ji daga ciki. Mu ma muna da kusan wannan rabon. In ka je dubiya ka ce "yaya jiki?" aka ce "da sauƙi", ba nauyi ko tsawo ake magana ba. Wanda likita ke aunawa kuwa gangar jiki ce. Ga gwajin da Husserl ya bayar, kowa zai iya yi yanzu. Ɗora hannun dama a kan na hagu. Dama yana jin fata da ƙashi da ɗumi, kamar ya taɓa wani abu. Can kuma hagu yana jin ana taɓa shi. Mai da hankalinka kan hagu, sai al'amarin ya juye, shi ne mai taɓawa, dama ya zama abin taɓawa. Taɓa tebur duk yadda kake so, tebur ba zai mayar maka ba. Jiki kaɗai ne yake mai ji kuma abin ji, kuma wannan ya isa ya nuna rabon Descartes bai kama shi ba, domin ba ya zama lafiya a ko ɗaya daga gidajen biyu.

Yawancin wannan bai fito a littafi ba Husserl yana raye. Gwamnatin Nazi ta tsangwame shi saboda asalinsa, ya rasu a Freiburg a 1938 ya bar shafuka kusan 40,000 da ya rubuta da hannu cikin salon taƙaita kalmomi. Wani matashin limamin Katolika ɗan Beljiyam, Herman Van Breda, ya fitar da su ta jakar ofishin jakadancin ƙasarsa zuwa birnin Leuven na Beljiyam. Almajirar Husserl, Edith Stein, wadda ta yi wahalar tsara ɓangaren da ya shafi jiki, a sansanin 'yan Nazi na Auschwitz aka kashe ta a 1942, littafin da ya ƙunshi wannan ɓangaren kuma sai 1952 aka buga shi. Merleau-Ponty, haifaffen 1908, yana cikin na farko da suka je Leuven, a watan Afrilu na 1939, ya karanta rubutun tun ba a buga ba. Daga cikin abin da ya ɗauko a wajen Husserl akwai jimlar da ta zama ginshiƙin aikinsa: asalin hankali "ina iyawa" ne kafin ya zama "ina tunani".

Mu koma wajen Schneider. Goldstein ya raba motsi biyu, kamawa da nunawa. Schneider yana kamawa, ba ya nunawa. Masu ganin jiki na'ura ne za su ce kai hannu wurin cizon sauro zabura ce kawai ta jijiya, kamar yadda ƙafa ke harbawa in likita ya buga gwiwa. Amma zabura ba ta zaro hankici daga aljihu, ba ta yanka da ɗinki. Masu ganin komai hukuncin hankali ne za su ce tunaninsa ne ya lalace. Amma mutumin yana gane umarnin sarai, yana iya faɗin abin da aka ce ya yi, tsokokinsa ma lafiya. Merleau-Ponty ya ce akwai abu na uku da duka ɓangarorin suka tsallake: jiki yana dosar abubuwa ta hanyar motsi, ba sai ya bi ta tunani ba. Wurin da sauro ya ciza ba adireshi ba ne da za a nema a taswira. Ƙaiƙayi ne ke kira, hannu ya amsa. Abin da Schneider ya rasa shi ne iya fita daga halin da yake ciki ya shiga na "a ce". An ruwaito cewa in aka ce ya sara irin ta soja, sai ya tattaro duk jikinsa ya ƙame kamar hafsa na gabansa da gaske. Ba ya fita yawo sai da aike. In ya wuce ta ƙofar gidan Goldstein ba ya gane gidan, sai in can ya nufa tun daga gida.

Abin da ya fi burge ni a bayanin shi ne batun sabo. Tun 1911 likitoci biyu na Ingila, Henry Head da Gordon Holmes, suka yi maganar wani tsari da jiki ke riƙe da shi na inda gaɓoɓinsa suke, suka ce yana kaiwa har ƙarshen gashin tsuntsun da ke kan hular mace. Merleau-Ponty ya ɗauki misalin ya ƙara da na direba da mai buga tafireta da makaho. Ba sai mun je Turai neman hula ba. Dubi yarinya mai talla da faranti a ka za ta shiga zaure. Ba ta auna tsawon ƙofa, ba ta ɗaga ido ta duba faranti. Gwiwa ce ke ɗan lanƙwashewa daidai gwargwado, ta wuce, ta miƙe, tana ma magana da ƙawarta. Tsawonta ya haɗa da farantin. Ɗan acaba ma haka yake kutsawa tsakanin mota da kwata, faɗin babur ya zama faɗinsa.

Makaho da sandarsa ya fi kowa nuna wannan. Ranar da ya fara riƙe ta, sandar yake ji a tafin hannu, nauyinta da santsinta da yadda take girgiza. Bayan ya saba, ka tsaya ka kalle shi a bakin titi. Sandar tana lilo dama da hagu, tana ɗan sumbatar ƙasa. Ta taɓa yashi, tafiyarsa ba ta canja ba. Ta taɓa siminti, ya ɗan saki jiki. Ta faɗa wofi, nan take ƙafar da ya ɗaga ta tsaya a sama, don ga kwata. Bai ji matsi a tafinsa sannan ya fassara shi ba. Bakin kwatar ya ji, can a ƙarshen sanda. Sandar ta bar cikin abubuwan da yake ji, ta koma cikin abin da yake ji da shi. A 1996 Atsushi Iriki da abokan aikinsa a Japan suka koya wa birai jawo abinci da ɗan manjagara, suka tarar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da a da ke kula da kewayen hannu kaɗai sun faɗaɗa har zuwa bakin manjagarar. Mun ce wane hannunsa ya faɗa a sana'a, kuma da gaske a hannun sanin yake. Kwanaki aka ce in faɗi lambar buɗe wayata da baki, sai da na ɗaga babban yatsa na danna iska kafin lambobin suka zo.

Sai batun fatalwar gaɓa. Mutum an yanke masa ƙafa, amma yana jin ƙaiƙayi a yatsunta, wani ma ya tashi da dare ya taka ta ya faɗi. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell ne ya raɗa wa abin suna a 1871, bayan ya duba sojojin yaƙin basasar ƙasarsu. Descartes ya san da shi, ya ɗauke shi hujjar cewa zafi a ƙwaƙwalwa ake jin sa, gaɓa kuwa tana iya yin ƙarya. Merleau-Ponty ya karanta shi daban. Ya ce jiki hawa biyu ne, akwai na yanzu, akwai na sabo. Na yanzu ya rasa hannu, na sabo bai sami labari ba, domin duniyar da ya saba da ita tana nan yadda take. Ƙofa tana nan da mariƙinta, alƙalami yana kan tebur, kowanne yana kiran hannun da babu. A shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran ya sa masu wannan ciwo su saka lafiyayyen hannu a akwati mai madubi, su ga kamar wanda aka yanke ya dawo yana motsi, wasunsu suka ji dunƙulallen hannun fatalwar ya buɗe, zafin ya ragu. Sun san madubi ne. Saninsu bai hana jikin karɓa ba.

Akwai tambayar da mai karatu zai yi, kuma tana kan hanya: ashe duk wannan ba a ƙwaƙwalwa yake faruwa ba? Ai Schneider a ka aka ji masa rauni. Merleau-Ponty bai musa ba, littafinsa cike yake da rahotannin likitoci. Abin da yake cewa shi ne kafin ka bayyana yadda ƙwaƙwalwa ke samar da gani, sai ka siffanta ganin daidai, in ba haka ba za ka yi ta neman bayanin abin da babu. In ka ɗauka gani hoto ne a cikin kai, za ka ƙare da neman wani ɗan mutum a ciki mai kallon hoton, shi ma da nasa idon da nasa ɗan mutumin. Ya kwatanta kimiyya da taswira: tana da amfani ƙwarai, amma wanda ya zana kogi a takarda ya riga ya san kogi da ƙafarsa.

Inda bayanin yake da rauni na gaske shi ne Schneider kansa. A shekarun 1940 wasu likitocin Jamus suka sake duba shi, suka ga yana yin abubuwan da rahoton farko ya ce ba ya iyawa, har aka yi zargin shekarun da ya yi ana gwada shi sun koya masa yadda ake so ya kasance. Gina babban gini a kan majiyyaci ɗaya ganganci ne, kuma a ganina Merleau-Ponty ya jingina da shi fiye da kima. Abin da ya ceci bayanin shi ne an sami wasu majiyyatan daga baya. A 1991 Melvyn Goodale da David Milner suka ba da rahoton wata mata da ake kira D.F., wadda iskar gas mai guba ta lalata wa wani sashe na ƙwaƙwalwa. In aka nuna mata tsaga irin ta akwatin wasiƙa aka ce ta faɗi ko a tsaye take ko a kwance, sai ta yi ta canka. In aka ba ta kati aka ce ta zura, hannunta yana juyawa daidai tun kafin ya isa.

Wani gyaran ya fito daga wanda ya zauna a ajin Merleau-Ponty. Frantz Fanon, baƙar fata ɗan tsibirin Martinik na yankin Karibiyan, ya halarci laccocin Merleau-Ponty lokacin da yake karatun likita a Lyon. A littafinsa na 1952 ya yarda da bayanin: in yana son taba ya san zai miƙa hannun dama zuwa ƙarshen tebur, ashana tana aljihun tebur na hagu, ba sai ya yi tunani ba. Sai ya kawo ranar da wani yaro Bature ya nuna shi yana ce wa uwarsa ta dubi baƙin mutum, tsoro yake ji. Fanon ya ce a take wannan sakin jikin ya rushe. Ya koma yana ganin kansa daga waje, yana lura da fatarsa da inda ya sa ƙafa da yawan wurin da ya ci a jirgin ƙasa. Jikin da ke mance kansa ya dosi duniya, ashe ba kowa aka bar wa shi ba. Masaniyar falsafa Ba'amurkiya Iris Marion Young ta yi irin wannan gyara a 1980 game da mata, ta duba yadda yarinya da yawa ke jifa da hannu kaɗai ba ta sa duk jiki, ta ce tarbiyya ce ta dasa "ba zan iya ba" a cikin "ina iyawa". Wanda ya ga yadda amarya ke tafiya a gaban surukanta ya san kunya ba a kai kaɗai take zaune ba, tana wuya da kafaɗa da tsawon taku. Ko wannan abin yabo ne ko na gyara, wata muhawara ce. Abin da ya shafe mu a nan shi ne al'ada tana shiga har cikin yadda ake ɗaga ƙafa.

Mai karatun da ya yi zaman zaure zai iya tuno wata hujja da ta girmi Descartes da shekara ɗari shida. Ibn Sina, likita kuma masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu a Hamadan ta ƙasar Farisa a 1037, ya ce a ƙaddara an halicci mutum farat ɗaya, cikakke, idonsa a rufe, yana rataye a sarari, gaɓoɓinsa a ware ba mai taɓa wata, ko iska ba ya ji. Zai san akwai shi? Ibn Sina ya ce zai sani, alhali bai san yana da hannu ko zuciya ba, saboda haka shi mutumin daban, jikinsa daban. Ɗan finominoloji zai amsa cewa mai ƙaddara wannan yana zaune ne a kan tabarma, da harshen da ya koya da kunne da baki, kuma kalmar "rataye" kanta sai mai nauyi ke gane ta. Ya kamata a bambance abu biyu a nan. Finominoloji ba ta ce komai kan ruhi ko makomarsa bayan mutuwa ba, hanyarta ma ta jingine irin wannan tambayar tun daga ƙofa. Abin da take siffantawa shi ne yadda rayayye ke samun duniya, yau, da wannan jikin.

An taɓa samun wanda ya kusanci mutumin Ibn Sina. A 1971 wani matashin mahauci ɗan Ingila, Ian Waterman, yana da shekara 19, ya kwanta rashin lafiya, ciwon ya cinye jijiyoyin da ke kawo jin taɓawa da jin inda gaɓoɓi suke, daga wuya zuwa ƙasa. Jijiyoyin motsi ba abin da ya same su, yana kuma jin zafi da sanyi. Yana kwance a gadon asibiti bai jin gadon, in bai duba ba bai san inda hannunsa yake ba, hannun yana iya tafiya can gefe ba da saninsa ba. Ya san akwai shi, wannan kam Ibn Sina ya ci. Amma zama a bakin gado ya gagare shi. Ya shafe fiye da shekara yana koyon motsi da ido da lissafi, kamar yadda likitansa Jonathan Cole ya rubuta: ya kalli ƙafa, ya ƙudura inda za ta, ya aika ta, ya duba ko ta isa. Zai ɗauki ƙwai sai ya tsara ƙarfin da zai matsa, don yatsunsa ba za su gaya masa ba. Shi ne matuƙin jirgin da Descartes ya ce mu ba shi ba ne, hankali a sama yana ba da umarni, jiki a ƙasa yana jira. Ya koyi tafiya, ya yi aikin ofis, har mota yake tuƙawa, amma kowane taku sai da kulawarsa, kuma bai taɓa samun hutun da yarinya mai faranti ke samu ba. In yana tsaye aka ɗauke wuta ba zato, ƙasa yake zubewa, ya zauna nan har haske ya dawo ya ga inda ƙafafunsa suke.